Kaluluwar Wuya da Ciwon Daji: Yadda Na'urorin Hoto Ke Leƙa Cikin Jiki

Da wuya a sami mai karanta wannan mujalla wanda bai taɓa yin kaluluwa ba. Yaro zai yi tuntuɓe, yatsa ya yi miki, bayan kwana biyu sai ya ji wani ƙullutu a matsematsinsa yana hana shi tafiya. Ko kuwa haƙori ya ruɓe, sai ƙarƙashin muƙamuƙi ya kumbura. Da zarar mikin ya warke sai kaluluwar ta sace, a mance da ita. Irin wannan ba abin tsoro ba ce, hasali ma alama ce ta cewa jiki yana yaƙi da cuta. Amma akwai wata iri wadda ba ta zafi, ba ta kuma sacewa, sai dai ta yi ta girma a hankali a gefen wuya, wata ɗaya, wata uku, wata shida. A kanta ne likita yake fuskantar babbar tambaya: shin ciwon daji ne ya taso daga wani wuri ya sauka a nan, ko kuwa wani abu ne daban?

A wannan darasi za mu duba na'urorin da ake amfani da su domin amsa wannan tambaya, da yadda kowace take aiki, da kuma inda kowace take gazawa. Zan riƙa kawo misali da Illela, garin nan na kan iyaka da ke kimanin kilomita 85 arewa da Sakkwato, daura da Birnin Konni ta Jamhuriyar Nijar. Dalilina shi ne, yawancin littattafan da suka yi bayanin waɗannan na'urori an rubuta su ne a ƙasashen da tarin fuka ya yi ƙaranci, alhali kuwa a wuri kamar Illela hoto iri ɗaya yana iya ɗaukar ma'ana daban.

Mece ce kaluluwa?

Ban da jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi a jikin ɗan Adam da ke kwashe wani ruwa marar launi wanda yake tsatsafowa daga jini ya jiƙa tsoka. Ana kiran wannan ruwa limfa. Kafin ya koma cikin jini sai ya bi ta wasu ƙananan ƙullutai masu siffar wake, waɗanda suke tace shi kamar yadda rariya take tace gasara. A cikinsu fararen ƙwayoyin jini suke taruwa, suna kama duk wata ƙwayar cuta da ruwan ya ɗebo. Waɗannan ƙullutai su ne kaluluwa. Watau kaluluwa ba cuta ba ce da ke zuwa daga waje. Tana nan a jikin kowa tun haihuwa, kumburinta ne kawai yake sa mu san da ita. An ƙiyasta cewa jikin mutum yana da ɗaruruwansu, kuma kimanin 300 daga ciki a wuya suke.

To, ciwon daji shi ne ƙwayoyin halittar jiki su ƙi bin doka, su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Idan ya fara a harshe, ko dasashi, ko maƙogwaro, ko can bayan hanci, wasu daga cikin ƙwayoyinsa sukan ɓalle su bi ruwan limfa, sai rariyar farko da suka tarar ta tare su. Maimakon ta kashe su, sai su zauna a cikinta su ci gaba da yaɗuwa. Likitocin wannan fanni sun daɗe da lura cewa idan ciwon ya isa kaluluwar wuya, damar da majinyaci yake da ita ta rayuwa takan ragu da kusan rabi. Saboda haka ba ƙaramin abu ba ne a san ko ya isa ko bai isa ba. Amsar ita ce za ta nuna ko za a yi fiɗa, da faɗin wurin da za a cire, da inda za a auna hasken gashin ciwon daji.

Ruwan limfa ba ya tafiya barkatai, kowane sashe na kai yana da magudanarsa. Wani masanin ƙirar jiki ɗan Faransa, Henri Rouvière, ya wallafa cikakken bayanin waɗannan hanyoyi a shekarar 1932. Daga baya likitocin fiɗa suka raba wuya shiyya shida, domin mai ɗaukar hoto da mai fiɗa su riƙa magana da harshe ɗaya. Shiyya ta farko ita ce ƙarƙashin haɓa da muƙamuƙi, inda ciwon leɓe da na baki yake fara sauka. Ta biyu da ta uku da ta huɗu suna jere daga sama zuwa ƙasa, bisa babbar jijiyar da ke mayar da jini daga kai zuwa zuciya. Ta biyar tana bayan wuya, ta shida kuwa a gaba, kewaye da maƙoshi. Akwai kuma wasu ƙullutai a ɓoye can bayan maƙogwaro, kusa da gindin ƙwaƙwalwa, inda yatsa ba ya kaiwa. Mai karatu ya riƙe waɗannan, gama za mu sake komowa kansu. Wani abin mamaki shi ne kaluluwar da ke kwarmin wuya na hagu, daidai saman ƙirji, tana iya kumbura saboda ciwon dajin da ke can cikin tumbi. Rudolf Virchow na Jamus ne ya bayyana haka a 1848.

Iyakar hannun likita

Na'ura ta farko ita ce yatsun likita, kuma har gobe ba a raina ta. Kaluluwar da ƙwayar cuta ta kumbura takan yi taushi, ta yi zafi, ta riƙa zillewa ƙarƙashin yatsa. Ta ciwon daji kuwa takan yi tauri kamar ɗanyar goruba, ba zafi, wani lokaci ma ta manne da naman da ke kewaye da ita. Sai dai yatsa ba ya jin ƙullutun da bai kai santimita ɗaya ba, balle wanda ya ɓuya ƙarƙashin kakkaurar tsokar gefen wuya. Idan aka kwatanta abin da hannu ya ji da abin da aka tarar bayan fiɗa, akan ga hannu ya yi kuskure a kan mutum biyu ko uku cikin goma. Wani sa'in ya ce babu alhali akwai, wani sa'in ya ce akwai alhali babu.

Hoton ƙashi da muka saba da shi, wanda ya samo asali daga hasken da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895, ba ya taimakawa a nan. Yana bambanta ƙashi da iska da nama, amma ba ya bambanta nama da nama. Kaluluwa da tsoka da jijiya duk inuwa ɗaya suke yi a cikinsa.

Hoton amsa-kuwwa

Wannan ita ce na'urar da mutane suka fi sani da sunan sikanin, wadda ake duba masu juna biyu da ita. 'Yan'uwanmu na Konni da suka yi hulɗa da Faransanci sukan ce da ita eko. Dabararta irin ta jemage ce: a aika sauti, a saurari dawowarsa. Kunnen mutum ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta wuce 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Na'urar duba wuya kuwa tana aika mai kaɗawa miliyan 7 zuwa miliyan 15. Sautin yana tafiya cikin nama da saurin kimanin mita 1,540 a daƙiƙa, kuma duk inda ya tarar da iyaka tsakanin nama iri biyu sai wani ɓangarensa ya dawo. Daga lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo na'urar take lissafa zurfin wurin. Ian Donald na birnin Gilasgo da abokan aikinsa su ne suka nuna amfaninta ga aikin likita a wani rahoto da suka buga a 1958.

Me mai dubawa yake nema? Lafiyayyar kaluluwa doguwa ce kamar ƙwayar wake, kuma a tsakiyarta akwai wata farar cibiya ta kitse, inda jijiyoyin jini suke shiga su bazu kamar rassan itace. Idan ciwon daji ya mamaye ta sai ta kumbura ta zama kamar gurjiya, cibiyar ta ɓace, jini kuma ya riƙa shigowa ta gefe-gefe ba bisa tsari ba. Ana auna faɗinta ta gajeren gefe, ba ta dogon ba. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce, wadda ta wuce milimita 10 abar tuhuma ce, ban da ta saman wuya kusa da kusurwar muƙamuƙi, wadda ake yi wa rangwame zuwa milimita 11 domin ita kullum cikin aiki take. Idan aka ga wasu ƙananan ɗigo-ɗigo masu ƙyalli kamar yashi a cikinta, hankali yakan koma kan ciwon dajin halittar nan da ke gaban maƙoshi, wadda kumburinta muke kira maƙoƙo.

A ganina, ga mutumin Illela babu na'urar da ta kai wannan muhimmanci. Ita ce mafi araha, ba ta da hasken da ke cutarwa, ana iya maimaita ta sau goma, akwai kuma ƙanana da ake ɗauka a hannu masu aiki da batir. Abin da ya fi duka shi ne, likita yana iya kallon allo yana tura siririyar allura har cikin kaluluwar da yake tuhuma, ya zuƙo 'yan ƙwayoyin halitta, a shafa a gilashi a duba da madubin likita. Wannan dabarar allura tsohuwa ce, tun 1930 Hayes Martin da Edward Ellis suka bayyana ta a birnin Niyok, amma haɗa ta da hoton amsa-kuwwa shi ya sa allurar ta daina lalube. In har ta zuƙo ƙwayoyin daji, to magana ta kusa ƙarewa, gama da wuya ƙwarai ta yi ƙarya ta wannan fuska.

Tana da aibi biyu. Na farko, kyawun sakamakonta ya rataya ne ga gwanintar mai riƙe da ita. Wanda ya saba duba ciki kurum ba lalle ne ya iya karanta wuya ba. Na biyu, sauti ba ya ratsa ƙashi ko iska, don haka ƙullutan nan na bayan maƙogwaro ba ta ganin su ko kaɗan. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne a wurinmu, domin rahotannin asibitocin koyarwa na Arewa sun nuna ciwon dajin bayan hanci yana cikin waɗanda aka fi gani a kai da wuya, kuma can ne yakan fara sauka. Shi wannan ciwo yana da alaƙa da wata ƙwayar bairos da Anthony Epstein da Bert Achong da Yvonne Barr suka gano a 1964, a cikin tsokar ciwon muƙamuƙin yara wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Sau da yawa ƙullutun wuya ne alamarsa ta farko, kafin toshewar hanci ko haɓo ko toshewar kunne ɗaya su bayyana.

Hoton yanka-yanka

Wanda ake kira siti-sikan, a Nijar kuwa sikanar. Hasken Röntgen ne dai, amma maimakon a haska daga gefe ɗaya, sai fitilar ta riƙa kewaya majinyaci, kwamfuta ta tattara abin da ya ratsa ta kowace kusurwa, ta zana hoton jiki yanki-yanki, kamar an yayyanka rake an duba fuskar kowane gunduwa. Wani injiniya ɗan Ingila, Godfrey Hounsfield, shi ya ƙera ta, aka fara ɗaukar hoton majinyaci da ita a Landan a 1971. A 1979 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Allan Cormack, haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya riga ya warware lissafin abin.

Kowane ɗigo a hoton yana da lamba. An ba ruwa sifiri, iska 1,000 ƙasa da sifiri, kitse kimanin 100 ƙasa da sifiri, tsoka 'yan gomomi sama da sifiri, ƙashi kuwa ɗaruruwa har ya wuce dubu. Da yake kaluluwa tana kwance ne cikin kitse, sai ta fito fili. Amma domin a raba ta da jijiyar jini, wadda ita ma da'ira take yi in an yanka ta, sai an yi wa majinyaci allurar wani ruwa mai sinadarin aidin wanda yake sa jini ya yi fari fat. Ƙoda ce take fitar da wannan ruwa, shi ya sa akan nemi gwajin ƙoda tukuna. Yawan hasken da jiki yake sha a hoton wuya guda ya yi kusa da abin da mutum yake sha daga ƙasa da sararin sama cikin shekara ɗaya. Ba abin firgita ba ne, amma ba a yin sa don nishaɗi, kuma mai ciki lalle ta faɗa kafin ta shiga.

Alamar da ta fi ƙarfi a wannan hoto ita ce ruɓewar tsakiya. Ƙwayoyin daji sukan yi yawa har jini ya kasa isar na tsakiya, sai su mutu, wurin ya fito baƙi da farin zobe kewaye da shi. Haka kuma hoton yana nuna ko ciwon ya fasa fatar kaluluwa ya shiga kitse da tsoka, ko ya naɗe babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Likitan fiɗa yana bukatar sanin wannan kafin ya ɗauki wuƙa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ake gama ɗauka, ana kuma iya haɗawa da ƙirji a duba huhu gaba ɗaya.

Hoton maganaɗisu

Shi ne em-ar-ai. Babu hasken Röntgen a cikinsa. Majinyaci yana kwanciya cikin wani maganaɗisu wanda ƙarfinsa ya ninka na duniya kimanin sau 30,000, sai a aika igiyar rediyo ta girgiza ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwan jiki, a saurari amon da suke fitarwa sa'ad da suke komawa daidai. Paul Lauterbur da Peter Mansfield sun sami lambar Nobel a kansa a 2003. Wajen gane kaluluwa mai ciwo, shi da hoton yanka-yanka kusan kunnen doki suke yi. Inda ya yi zarra shi ne nuna asalin ciwon a harshe ko bayan hanci, da ƙullutan bayan maƙogwaro, da ko ciwon ya fara hawa gindin ƙwaƙwalwa. Akwai wani salon ɗaukarsa da ke auna yadda ruwa yake walwala tsakanin ƙwayoyin halitta: inda ƙwayoyin daji suka cunkushe kamar tsakiyar kasuwa ranar cinta, ruwa ba ya samun hanyar motsi, sai wurin ya yi haske. Yana da tsada, yana cin rabin sa'a ko fiye, kuma haɗiyar yawu kaɗai tana iya ɓata hoton. Wanda yake da ɓarɓashin ƙarfe a ido, kamar yadda yakan faru ga maƙera da masu walda, dole ne ya faɗa, domin maganaɗisun yana iya motsa shi.

Hoton sukari

Na'urori ukun da suka gabata siffa suke dubawa. Wannan kuwa, wadda ake kira fet-sikan, ci take dubawa. Tun cikin shekarun 1920 Otto Warburg na Jamus ya lura cewa ƙwayoyin daji suna shan sukari fiye da kima. Sai masana suka ƙera wani sukari na jabu, suka liƙa masa sinadarin fulorin-18 mai fitar da haske. Majinyaci zai yi sa'o'i huɗu zuwa shida bai ci kome ba, a yi masa allurar, ya kwanta shiru kamar sa'a guda. Ƙwayoyin daji sukan haɗiye sukarin amma su kasa narkar da shi, sai ya taru a cikinsu yana haskawa. Daga 2001 aka fara sayar da na'urar da ta haɗa wannan da hoton yanka-yanka wuri ɗaya, ɗaya ya nuna inda ake ci, ɗaya ya nuna sunan wurin.

Amfaninta a bayyane yake. Tana duba jiki duka a zama ɗaya, tana kuma taimakawa wajen gano asalin ciwon idan kaluluwa kaɗai aka gani. A wani bincike da aka yi a Birtaniya kan majinyata 564, wanda aka buga a 2016, an raba su gida biyu. Kashi ɗaya aka shirya musu fiɗar wuya kai tsaye, kashi ɗaya kuma aka jira mako 12 bayan gashi da magani aka yi musu wannan hoto, sai wanda aka ga saura a wuyansa aka yi masa fiɗa. Fiɗa 221 aka yi a kashin farko, 54 kacal a na biyu, kuma yawan waɗanda suka rayu bayan shekara biyu bai bambanta ƙwarai ba.

Amma fulorin-18 ba ya ajiyuwa. Kowane minti 110 rabin ƙarfinsa yake tafiya, saboda haka dole injin da ke ƙera shi ya kasance kusa da asibitin, ko kuwa a ɗauko shi a jirgin sama. Wannan, da tsada, da bukatar wutar lantarki marar yankewa, su suka sa irin wannan na'ura 'yan kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan, a manyan birane irin su Legas.

Mai kwaikwayon ciwon daji

Yanzu mun zo inda Illela ta bambanta da Landan. A ƙasashenmu, ɗaya daga cikin manyan dalilan daɗaɗɗen kumburin kaluluwar wuya, musamman ga yara da matasa, shi ne tarin fuka. Mutane da yawa sun ɗauka huhu kaɗai yake kamawa, alhali kuwa bayan huhu babu inda ya fi sauka kamar kaluluwar wuya, kuma mai shi yana iya zama ba ya ko tari. Akwai ma wani nau'insa na shanu, wanda yake shiga jikin mutum ta madarar da ba a tafasa ba, shi kuwa wuya da hanji ya fi so. Garin da yake da babbar kasuwar dabbobi kamar Illela, inda shanu ke shigowa daga Nijar, nono kuma yake cikin abincin yau da kullum, ya kamata ya san da wannan.

Ga inda matsalar take. Kaluluwar tarin fuka ita ma takan yi da'ira, ta rasa cibiyarta, ta ruɓe a tsaka, ta fito da baƙin ciki da farin zobe a hoton yanka-yanka. A hoton sukari ma tana haskawa, domin fararen ƙwayoyin jini da ke yaƙi su ma mayunwata ne. Gaskiya ne akwai 'yan alamun da ke karkata hankali gare shi, kamar ƙullutai da yawa su manne da juna, ko naman kewaye ya kumbura, ko a ga tsohon tabo mai alli a ciki. Amma babu ɗaya daga cikinsu da ya isa hujja. Mai cutar ƙanjamau ma kaluluwarsa takan kumbura a wurare da yawa, haka mai ciwon dajin da ya taso daga cikin kaluluwar kanta.

Kuskure ta kowace fuska yana da tsada. Idan aka ɗauki daji a matsayin tarin fuka, majinyaci zai shafe wata shida yana shan maganin da ba nasa ba, ciwon kuwa yana ta cin gaba. Idan aka ɗauki tarin fuka a matsayin daji, an jefa iyali cikin fargaba da sayar da kadara a kan cutar da maganinta kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Abin da ke raba gardama shi ne allurar nan da muka ambata. Abin da ta zuƙo akan raba shi biyu, rabi a duba da madubin likita, rabi a sa a na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, mai gano ƙwayar tarin fuka cikin kimanin sa'a biyu. In sakamakon bai fito sarai ba sai a sake, ko a ɗebo tsoka da allura mai kauri, ko likita ya ciro kaluluwar ɗungum a ɗakin fiɗa. Duk na'urorin da muka lissafa, aikinsu shi ne su nuna wa allura inda za ta shiga, su kuma nuna iyakar inda ciwon ya kai.

Abin da hoto ba ya gani

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen. Tarin ƙwayoyin daji da bai wuce milimita 2 ba yana iya zama cikin kaluluwa ba tare da ya sauya girmanta ko siffarta ba, kuma babu na'urar da ke ganin sa a yau. A ciwon dajin harshe da baki, ko da hannu da hoto duk sun ce wuya lafiya lau, akan tarar da ɓoyayyen ciwo a wuyan mutum biyu ko uku cikin goma. Likitocin asibitin Tata da ke Mumbai a Indiya, ƙasar da ciwon baki ya yi yawa saboda taunar taba, sun gwada wannan a kan majinyata 500 masu ƙaramin ciwon baki, suka buga sakamakon a 2015. Waɗanda aka cire musu kaluluwar wuya tun farko, kashi 80 cikin ɗari suna raye bayan shekara uku. Waɗanda aka ce a jira sai ƙullutu ya bayyana, kashi 67.5 ne. Don haka idan likita ya ce zai taɓa wuya alhali takardar hoto ta ce ba a ga kome ba, ba son yanka ne ya sa shi ba. Masu cusa garin taba da kanwa a leɓe su lura da wannan misali na Indiya.

Daga Illela zuwa Sakkwato

Babban mutum da ya ga ƙullutu a wuyansa ya wuce mako uku bai sace ba, ya kamata ya je asibiti, ko da ba ya jin zafi. Rashin zafin ma shi ne abin tuhuma. Haka in akwai dishewar murya da ta daɗe, ko miki a baki da ya ƙi warkewa, ko wahalar haɗiya, ko rama da zufar dare. Abin da ba ya kamata shi ne a kai wa wanzami ya tsaga ko ya yi sakiya. Wanzamai suna da matsayinsu a al'adarmu, amma wannan ba ƙurji ba ne. Kaluluwar tarin fuka in aka fasa ta takan bar ramin da ke tsiyaya wata da watanni, ta daji kuwa an buɗe wa ciwon hanya zuwa fata, an kuma dagula wurin da hoto da fiɗa za su yi aiki.

Matakin farko yana iya kasancewa a babban asibitin gari: a duba baki da maƙogwaro, a gwada tarin fuka da ƙanjamau, a yi hoton amsa-kuwwa in akwai gwani. Daga nan sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda ake da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, da sashen hoto, da na binciken tsoka, da na gashin ciwon daji. Akwai irin waɗannan sassa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. A ɗaya gefen iyaka kuwa, Nijar ta buɗe cibiyarta ta farko ta gashin ciwon daji a Yamai a 2021. Na'urori irin waɗannan, ko'ina suke, sukan tsaya don gyara, saboda haka yana da kyau a tambaya kafin a biya kuɗin mota. Wanda aka yi wa hoto a wani gefen iyaka zai je wani, ya riƙe hoton kansa ko faifansa, ba takardar bayani kaɗai ba. Takardar tana iya zama da Faransanci ko Ingilishi, amma hoton kowane likita yana iya karanta shi, ya kuma kwatanta da sabo ya ga ko ƙullutun ya ƙaru.

Malaman kimiyya za su iya jarraba ɗalibansu da lissafi biyu daga wannan darasi. Na farko: kaluluwa tana zurfin santimita 2 ƙarƙashin fata, sauti kuma yana tafiyar mita 1,540 a daƙiƙa, wane lokaci zai ɗauka ya je ya dawo? Kada a mance tafiyar biyu ce, watau santimita 4, amsar kuwa ta kusa kashi 26 cikin miliyan na daƙiƙa. Na biyu: an ɗora kwalbar fulorin-18 a mota, ta yi sa'a 11 a hanya, nawa ya rage na ƙarfinta? Sa'a 11 minti 660 ke nan, watau rabi ya tafi har sau shida, sai a bar ɗalibai su ninka da kansu su gano kashi ɗaya cikin nawa ne ya isa.